Kalmomin Cin Abinci da Gwaggo Dije Ta Tafi da Su

Ina duba takardun jarrabawa a ofishin malamai a Ikara, da hantsi, ƙanwata Rabi ta kira ni daga Makarfi. Ba ta tsaya gaisuwa ba, nan na san ba lafiya. Ta ce, "Yaya, Gwaggo Dije ta cika." Na yi salati, na ajiye biro. Abin da ya fara faɗo mini a rai, kuma ina jin kunyar faɗinsa, shi ne sabon littafin rubutu da ke cikin jakata. Dominta na saye shi wata biyar da suka wuce, don in rubuta wasu kalmomi da ta roƙe ni in adana mata, amma ko harafi ɗaya ban sa a ciki ba.

Gwaggo Dije ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu ni da Rabi tun muna ƙanana. 'Yar garin Kudan ce, aure ya kai ta Makarfi, inda ta yi shekara fiye da talatin tana sayar da tuwo da shinkafa da wake a rumfarta, kusa da wurin da manyan motoci ke lodin rake. Ba ta yi boko ba. Amma ban taɓa ganin mai ƙwaƙwar son sani kamarta ba, kuma abu ɗaya ta fi bi: yadda mutanen wasu wurare ke kiran abinci idan suna tsakanin abokansu.

In baƙo ya zauna, sai ta bari ya kai loma uku, sannan ta jefa masa tambaya. Idan ya ba ta kalmar makaranta sai ta girgiza kai ta ce, "A'a, ba ta gaban manya ba. Wadda kake faɗa wa abokinka in yunwa ta ci ku. Mu nan mukan ce a zo a kwashi girki, ko a loda wa ciki. Ku fa?" A haka ta samu "buf" daga wani direban Maraɗi, wanda ya ce haka masu Faransanci ke cewa a tasha. Ta samu "cof" da "wak" daga fataken Kudu masu sayen tumatir. Ta samu "girob" daga wata Baturiya mai binciken noman rani. Kuma ba kalmar kaɗai take riƙewa ba. Za ta gaya maka Baturiyar nan miyar kuka ta sha, ta ƙara, yaji ya sa ta hawaye, ta ƙi yarda a ba ta cokali.

Takan ce, "Baƙo ba ya sakin jiki sai ya ji an kira abinci da sunan da ake kiransa a gidansu." Na ga gaskiyar haka da idona. Wata 'yar Kudu mai bautar ƙasa da aka tura garin Paki ta sauka a tashar, ta zauna a gefen benci rungume da jaka, ido ya yi ja. Rabi ta yi mata tayi har sau biyu cikin ladabi, ta ce ta ƙoshi. Gwaggo ta leƙo daga bayan tukunya ta daka mata tsawa, "Ke 'yar nan, zo ki wak!" Yarinyar ta ɗago a firgice, ta dubi tsohuwa mai lulluɓi da muciya a hannu, sai ta fashe da dariya. Kwano biyu ta ci.

Ni kuwa, da na zama malamin Turanci, sai kaina ya yi girma. Na taɓa ce mata waɗannan kalmomin 'yan tasha ne, ba su dace da bakin dattijuwa ba. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Babana, kai ka san Turancin da ake cin jarrabawa da shi, ni na san wanda ake cin tuwo da shi. Kowa ya riƙe nasa." Ban sake tayar da maganar ba.

A farkon daminar bana ta kira ni gefe. Ta ce, "Babana, kaina ya fara zuba. Jiya na nemi kalmar mutanen Cadi na rasa, har fuskar mutumin ta ɓace mini. Ka zo da littafi ka zauna, in faɗa kana rubutawa." Na ce sai an yi hutu. Aka yi hutu, na ce sai an cire masara. Ba ta sake tuna mini ba, don ba ta roƙon abu sau biyu.

Ranar uku, direbobi da masu lodi suka cika ƙofar gida, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Bayan an yi addu'a na fito da littafin, na roƙi kowa ya faɗi kalmar da ya ba ta. Wasu dattawa suka ɓata rai, liman ya ce a ƙyale ni, wasiyya nake cikawa. Na cika shafi ɗaya da rabi. Kowa tasa kaɗai ya sani, ita ce ta san ta kowa.

Da na shiga cikin gida Rabi ta karɓi littafin ta duba, ta ce, "Yaya, ina musosi?" Na sake duba littafin, ba ta ciki. Da kalmar nan Gwaggo take kiranmu cin abinci kullum, "Ku zo ga musosinku." Duk tsawon rayuwata na ɗauka Hausar Kudan ce. Na koma waje na tambaya, babu wanda ya san ta, har 'yan Kudan ɗin. 'Yata Hafsa ce ta bincika a waya, ta ce, "Baba, wai Swahili ne, maganar samarin gabashin Afirka."

Gabashin Afirka! Wane ne ya taso daga can har ya zauna a bencin Gwaggo a Makarfi? Me ya kawo shi? Yaushe? Na tambayi Malam Iro, tsohon direban da ya fi kowa daɗewa yana cin tuwonta. Ya ce, "Malam, ai da ka tambaye ta, da ta gaya maka har irin miyar da ya sha."

Ban yi kuka a maƙabarta ba. A nan na yi, gaban mutane.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Dije, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Yadda ba ta bar baƙo ya tashi da yunwa ba, Ka karɓi baƙuncinta da rahama, Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta da Rabi haƙurin rashinta. Ni kuma, Ka yafe mini jinkirin da na yi mata, Ka sa ta yafe mini. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.