Ɗaya Gefen Gurasar

Mama ta rasu a tsakiyar damina, ban yi kuka ba. Mata suka cika tsakar gidanmu a Lokuwa, ana waƙa, ana dafa wa baƙi abinci, ni kuwa ina zaune ina kallon ruwa yana zuba daga bakin kwanon rufi. Aka ce ina da dauriya. Ba dauriya ba ce. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, sai dai ni duk jikina ne.

Da aka sanar a coci cewa Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, wato cin gurasa mai tsarki, na ƙudura ba zan ci ba. A ajin baftisma an koya mana mutum ya binciki zuciyarsa kafin ya miƙa hannu. Na bincika tawa. Ba fushi, ba godiya, ba ko tambayar da zan yi wa Allah. Na ji tsoron kada in karɓi abu mai tsarki ina fanko, ya zama na yi ƙarya a gaban teburinsa.

Ranar na zauna a ƙarshen bencin baya, ɓangaren mata, da niyyar in sulale da zarar an gama wa'azi. Sai ga wata tsohuwa da ban sani ba ta shigo a makare, tana dogara sanda.

"Matsa ciki, jikata," ta ce.

Na matsa. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta gitta sandar, hanya ta toshe. Ana cikin waƙa ta raɗa mini cewa daga Duvu take, ta zo wajen ɗanta ne a duba mata ido.

A cocinmu, kafin Jibi ana wankin ƙafa, biyu-biyu, mace da mace, namiji da namiji. Da daro ya iso bencinmu, ta durƙusa da ƙyar ta kama ƙafata.

"Wannan ba ta san gona ba. 'Yar makaranta ce ko?"

"E, Kaka."

"Ai na ji a hannuna."

Ruwan da sanyi. Na san da sanyi, shi ke nan. Na ɗaura tawul na wanke nata. Faso ya tsattsage mata duga-dugai, ruwan ya koma ja saboda ƙasar da ke ciki.

"A hankali," ta ce, "ba gindin tukunya kike kankarewa ba."

Sai dattawan ikkilisiya suka fara zagayawa da gurasa. Tamu siririya ce, ba yisti, kuma ba a ba kowa tasa shi kaɗai. Guda ɗaya ake ba mutum biyu, wannan ya riƙe gefe, wancan ya riƙe gefe, su karya tare. Tun da aka yi mini baftisma da Mama nake karyawa.

Tsohuwar ta karɓa ta miƙo mini ɗaya gefen. Na bar hannuwana a cinya.

"Ba zan ci ba, Kaka."

"An sa ki horo ne?"

"A'a."

"Kina gaba da wani?"

"A'a. Mamata ce ta rasu. Tun daga nan ba na jin komai, ko a addu'a."

Idonta da ya yi fari yana kallon wani wuri kusa da kunnena.

"Sannu, 'yata. Allah ya ba da haƙuri." Ba ta sauke hannun ba. "To ni fa? Da benci zan karya?"

Na duba. Kowa a layinmu da abokiyarta. Fasto ya riga ya fara addu'a a kan gurasar. Garin gurasar yana zuba a zaninta.

"Hannuna ya gaji," ta ce. "Riƙe."

Na riƙe. Ta karye ba daidai ba, babban ɓangaren ya zo wajena. Na jira wani abu ya motsa a ƙirjina, ko tsoro ne, ko hawaye. Babu. Gari ne da mai da ɗan gishiri, ya manne mini a ganɗa. A gefena ina jin ta tana fama da nata da dasashi, a hankali, kamar ba inda za ta je. Na tauna tare da ita har ta gama, sannan na haɗiye.