Jirgin da Inna Ta Jira

Tun da aka fara zuba ƙasa a bayan Kazaure ana cewa layin dogo zai wuce, malaman makarantar da nake koyarwa ba su da hira sai ta jirgi. Wanda bai taɓa taka tarago ba ma sai ka ji yana zuba kamar kakansa ne direba. Ni dai in suka fara, sai in kwashi littattafan yara in koma aji. Wai ba ni da kishin gari. Su yi ta faɗa. Na hau jirgin ƙasa fiye da su duka, kuma ban ga abin da ya bar mini ba sai ɓacin rai.

Wancan tsohon nake nufi, mai tashi daga Kano ya yi gabas. Jirgi ne da bai san lokaci ba. A ce muku ƙarfe takwas, sai rana ta take tsaka kuna zaune a kan kayanku. Ciki kuwa kujerun duk sun yage, akuya a ƙarƙashinki, kwandon kaji a kanki, ga warin busasshen kifi da ya kama katakon tun kafin a haife ni. Ban taɓa hawansa don ina so ba. Inna nake rakawa.

Innarmu Bafulatana ce, a ruga ta tashi kafin aure ya zaunar da ita a Roni, kuma ta taho da kunyarta cif, ko ƙwaya ba ta zubar a hanya ba. Mu biyar ta haifa, ni ce auta. Babbarmu, wadda muke kira Adda, ita ce 'yar fari, kuma a wajen su Inna 'yar fari ba taki ba ce a bainar jama'a. Ba a kiran sunanta, ba a zama hira da ita, ba a zuwa gidan aurenta. Kakarmu ce ta goye ta tun daga yaye. In Adda ta zo gida da Sallah, sai su gaisa kowa na kallon bango, daga nan Inna ta yafa mayafi ta tafi maƙwabta aron abin da muke da shi a ɗaki. In na kira Adda a waya na miƙa mata, ba za ta karɓa ba. Sai dai in buɗe muryar wayar, ita kuma ta zauna kusa tana tsince wake, waken da ta riga ta tsince jiya.

Adda ta yi aure a wani ƙauye da ke gefen layin. Jirgi ba ya tsayawa a wurin. Amma saboda fadama, an ɗaga layin a kan wani dogon tudu da ya fi rufin gidajen tsawo, kuma a ƙarshensa akwai tsohuwar gadar ƙarfe da direba ke tsoro, don haka sai ya rage gudu har mai tafiya a ƙasa ya iya jerawa da shi. Daga taga kana ganin cikin gidaje tas: rumbuna, turame, shanyar kuɓewa, wadda ke wanka wa ɗanta. Gidan Adda shi ne na uku daga gadar, ta hannun dama.

To, sai ga Inna ta tsiri zumunci da Kawu, yayanta da ke zaune tasha biyu gaba da ƙauyen. Mutumin da ba sa minti goma tare ba su yi musu a kan shanun gado ba! Sau uku a shekara za ta ce jikinta ya ba ta Kawu ba shi da lafiya. Sai mu hau acaɓa zuwa Kazaure, mu shiga bas zuwa Kano, mu kwana gidan wata 'yar uwa, da safe mu nufi tasha. Sharaɗinta ɗaya ne, taga ta hannun dama. Ita ba ta faɗa da kowa, ni ce 'yar faɗan. Na taɓa tsayawa a kan wani mai fataucin albasa tun daga Kano ina zazzaga masa masifa har ya tashi, yana cewa bai taɓa ganin malamar makaranta mai baki irin nawa ba. Inna na gefe ta sunkuyar da kai kamar ba ta san ni ba. Yana tashi ta zauna.

Kullum da ƙulli a cinyarta: daddawa, kuka, man shanu a kwalba an naɗe da tsumma, wani lokaci turmin atamfa. Da jirgi ya fara hawa tudun sai ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Jefa wa mutanen can."

Mutanen can. 'Yar da ta yi naƙudarta kwana biyu. Adda na tsaye a bakin danga da yaranta, ni take ɗaga wa hannu, ni take kira, ita ma tana kiyaye nata ɓangaren. Ni kuma in wurga ƙullin ya gangara cikin ciyawa, yara su ruga. A wannan ɗan lokacin, da kowa ke leƙe ta taga ba mai kula da kowa, Inna takan ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zuba wa Adda ido. Ba ta ƙiftawa har a hau gada. Duk shekarun da na san su, nan ne kaɗai na ga ta kalli fuskar 'yarta. Bayan mun wuce sai ta tambaye ni ko mutanen garin nan sun sami damina bana, in ce mata sun samu, kuma ƙaramin ya fara tafiya. Sai ta ce Allah ya raya, kamar ɗan wani ne.

Abin yana ƙona mini rai, amma na saba. Har na riƙa ba wa ƙawayena labari muna dariya.

Tafiyarmu ta ƙarshe, ba mu san ita ce ta ƙarshe ba. Da muka hau tudun, Adda ba ta tsaye. Tana zaune a kan turmi a bakin danga, fuskarta ta kumbura, ƙafafun ma haka, hannun da ta ɗaga bai wuce kafaɗa ba. Ta waya ta sha ce mini zazzaɓi ne kawai. Na jefa ƙullin, na juyo na ce wa Inna mu sauka a tasha ta gaba mu ɗauki acaɓa mu dawo, ko rabin awa ba za mu yi ba. Amma ta ce a'a, surukai za su ce me, uwa ta biyo 'yar fari har ɗaki? A dawowa mā gani.

Bayan kwana uku muka je tasha don komawa, muka tarar da ƙofar mai tikiti da kwaɗo. Ba takarda a manne, ba wanda ya fito ya yi bayani. Wani mai shayi ne ya gaya mana jirgi ya tsaya, sai yadda hali ya yi. Haka kawai. Mutane da buhunansu a zube, wata mata da majinyaci a tabarma, kowa na tambayar kowa. Waɗanda suka yanke shawarar suna can inda suke, ko a jikinsu. Ko jaki ne za ka sayar, ai kā gaya wa masu hawansa.

A mota muka dawo. Titin ya bi ta kwanar ƙauyen su Adda, ga allon, ga 'yan acaɓa a gindin bishiyar maina suna jiran fasinja. Na ce wa direba ya dakata. Inna ta dafa cinyata ta ce masa ya wuce, yarinya ce ba ta san hanya ba. Ina da shekara talatin da ɗaya a lokacin. Na yi shiru, motar ta wuce. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Daga nan Inna ta shiga jiran jirgi. Duk wanda zai je Kano daga Roni sai ta ce ya biya tasha ya tambaya. Kullum amsa ɗaya, ana gyara. Ni kaina na je sau biyu, na tarar da wasu mutane a benci suna cin gyaɗa, taragu a baya ciyawa ta fara cin ƙafafunsu, suka ce mini, "Hajiya, kwanan nan in sha Allahu." Na ce su ji tsoron Allah su faɗi gaskiya, in ya mutu a ce ya mutu. Suka yi dariya. Da sun ce ya mutu, wataƙila da Inna ta nemi wata dabarar. Amma suka bar ta da kwanan nan, ita kuma ta riƙe shi hannu biyu.

Ciwon Adda kuwa, likita ya ce ƙoda ce. Na je wurin Adda ni kaɗai har sau uku a watannin nan. Na roƙi Inna, na yi kuka, na yi faɗa, na ce ai zumunta a ƙafa take, ita ce ta koya mini. Na sa limamin unguwa ya aiko matarsa ta gaya mata addini bai hana ba, duba mara lafiya ma lada ne. Ta ce ta sani, ba addini ba ne, ita dai ba a yi haka a gidansu ba. Ta ci gaba da haɗa ƙulli tana ba ni in kai. Abin da ya fi ba ni haushi, Adda ma ba ta taɓa cewa a kawo mata Inna ba. Tana kwance, numfashi da ƙyar, abin da ta iya tambayata shi ne ko jirgi ya dawo. Na ce bai dawo ba. Ta ce to, Allah ya sa a gyara. Na fita bayan ɗaki na yi ta cizon mayafina don kada in yi ihu. Mata biyu masu hankali, kowace na mutuwar son ganin 'yar uwarta, sun zauna suna jiran ƙarfe.

A wata na bakwai da tsayawar jirgin, mijin Adda ya kira ni da sassafe, ya ce ta cika. Na je Roni na gaya wa Inna. Ba ta yi kuka ba, wannan ma ba a yi wa 'yar fari. Ta yi salati, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta ce in nemo mota. Yanzu ya halatta ke nan. Gaisuwar mutuwa ba abin kunya ba ce.

Na ɗauki shatar wata ƙaramar mota a Kazaure. Direban ya ce ba sai mun shiga Kano ba, ya yanke ta wajen Babura. Ba a kira azahar ba muka tsaya a ƙofar gidan, maza na zaune a tabarmi, sun daɗe da dawowa daga maƙabarta. Direba ya kashe mota. Inna ba ta motsa ba. Ta dubi ƙofar, ta dubi rana, sannan ta juyo gare ni.

"Har mun iso?"

Na ce mun iso.

"Ashe kusa ne."

Ban taɓa kallon tsakiyar idon Inna ba sai ranar. Na ce, "Kusa ne, Inna. Da ma can kusa ne." Na buɗe ƙofa na fita, ban tsaya kama mata hannu ba.