Maganin Ɗaurewa

Da hutun damina na dawo Gure daga Yamai. Muna tsinkar zogale a tsakar gida, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tambaye ni abin da nake karantawa a jami'a. Hankalina yana kan wani littafin soyayya da na baro a ɗaki, sai na ce, "Yadda magani ke kama abu ya ɗaure shi, ya kasa motsi."

Gwaggo ta gyaɗa kai a hankali. Kafin Juma'a labari ya gama unguwa, wai na koyo asirin ɗaure namiji.

Wata maƙwabciyarmu ta same ni a bakin rijiya. Mijinta ya tafi haƙar zinariya arewa, ya daina kira. "Ƙanwata, ki ɗaure mini shi," ta ce, "ko ta waya ce." Na so in yi dariya, amma idanunta sun hana ni.

A masallaci Baba ya ji. Ya kira ni zaure.

"Bokanci na tura ki koyo? Kin gama Yamai ke nan."

Na durƙusa. "Baba, ku ara mini rawaninku."

Ya harare ni, amma ya miƙo. Na warware shi a kan tabarma.

"Yanzu wannan rawani ne?"

"Ƙyalle ne dogo, ke ma kin gani."

Na ce haka ƙwayar masassara take. Abin da take gina jikinta da shi, furotin, dogon zare yake fitowa, ba ya aiki sai an naɗe shi. Tana da mai yi mata naɗin, muna ce masa anzim. A tafin hannunsa akwai ɗan rami, nan magani ke shiga ya zauna daram, kamar masoyin da ya riƙe hannu ya rantse ba zai saki ba. Naɗi ya tsaya, zare ya cukuikuye, ƙwayar ta mutu.

"Masoyi kuma? A gabana?"

"Ku yi haƙuri. Wahalar ita ce mu ma muna da mai naɗi a jikinmu, kamarsu ɗaya. Ina neman maganin da zai gane hannun ƙwayar ya bar namu."

"Mutanen gari ba za su gane wannan ba. Sunana ake kira, ba naki ba."

"Su yi ta kira. Duk damina muna rufe yaran da masassara ta kashe a garin nan, Baba. Ba zan bar ɗakin bincike don tsegumin bakin rijiya ba."

Ya ce, "Ban ce na yarda ba."

"Na ji."

Da hutu ya ƙare na ɗaura jakata a kai, na bi yashi zuwa tasha. Ban taɓa fita ƙofar gidanmu babu izinin Baba ba sai ranar. Na yi kuka har motar ta wuce lambunan dabino na ƙarshe, amma ban ce a tsaya ba.