Jirgi Kawai Ya Ce

Lokacin yaƙin basasa ni kurtu ne, saurayi daga Dabai, karatuna bai wuce aji uku ba. Tare muka shiga soja da abokina na golmo, wato noman da muke yi wa surukai. Ƙasar Zuru ba layin dogo, sai a soja muka fara ganin jirgin ƙasa.

Aka kai mu gadin wata gadar jirgi can kudu, inda 'yan tawaye suka kwance ƙarfen dogo. Sajenmu ya ba mu jan ƙyalle, ni da abokina. Ya ce in jirgin ƙasa ya taho mu ruga kan layi mu tsai da shi, in kuwa na sama ne kowa ya faɗa rami. Wata safiya sajen nan ya kwarma ihu wai jirgi, ya yi tsalle cikin raminsa. Jirgi kawai, bai ce na ƙasa ko na sama ba. Mu kuwa muka zari ƙyalle muka hau layi. Bam ya sauka. Ni ya tafi da kunnena na hagu, abokina kuwa a bargo muka tattara shi. Da hafsa ya zo, saje ya ce wai tsoro ne ya fizgi yaron ya bar raminsa. Ina tsaye, na yi gum. Kurtu ya ƙaryata saje?

Labarin ya riga ni gida. A wurinmu gara a ce maka ɓarawo da a ce maka matsoraci. Uwarsa ta daina shiga kasuwa har ta mutu, ɗan da ya bari a cikin matarsa ya tashi ana kiransa ɗan magujin yaƙi.

Bara na ga sajen a wani zaman makoki a Rikoto, ana ta durƙusa masa. Na tuna masa a gaban jama'a. Tsohon banza ya yi dariya, wai ai mai hankali in ya ji jirgi sama yake dubawa. Daga nan na wuce wurin ɗan abokina, yanzu magidanci ne, na zayyana masa komai. Ya kira ni Baba cikin ladabi, sannan ya tambaye ni ina bakin nan nawa yake sa'ad da kakarsa ke da rai. Ko ruwa bai ba ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ku 'ya'yanmu da ke rububin shiga kaki, ku ji ni da kyau. In babba ya shafa wa gawa ƙarya a gabanku, ku yi magana nan take, ko za a kulle ku a gadurum, kurkukun bariki. Gaskiyar da ta tsufa a baki, ko ka fito da ita ba mai karɓa.