Siddo, wa za ya tsare bangon sunaye?

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Siddo, tsohon soja, a gidansa da ke hanyar Bana.

Siddo, kai kaɗai ka rage mini cikin waɗanda muka shiga lakwal, wato makarantar boko, tare. Kai ne ka tara bulo ka gina ɗan bangon nan a bakin tasha, ka rubuta sunayen 'ya'yan unguwarmu goma sha ɗaya da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Na bakwai ɗana ne, Yakuba. An binne shi can gabas, ban taɓa ganin kabarinsa ba.

Kowace shekara, da ruwa ya ɗauke, kana zuwa da gwangwanin fenti ka sabunta rubutun. Da idona ya mutu, sai ka ɗauki ƙusa da guduma, ka yi kwana huɗu kana sassaƙa sunayen cikin siminti. Ka kama hannuna ka ɗora a kai, ka ce, "Malam Ibrahim, to ga ɗanka, karanta da yatsa."

Tun ranar nake zuwa gaishe shi.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ba a yi sadakar uku ba, na ji muryoyin baƙi a gindin bangon, suna jan igiyar awo. Na tambaye su, suka ce gyara za a yi, Baba, za a shafe bangon a liƙa allo mai sulɓi. Wa ya aiko su? Ba su faɗa ba. Me ya sa ɗayansu yake ƙirga kamiyo, manyan motocin kaya, nawa za su iya tsayawa nan? Kuma don me suka je wurin zaman makoki suna tambayar littafinka, wanda ka rubuta sunan kowane yaro da na uwarsa da inda ya faɗi? Kana da rai ba wanda ya zo gyara.

Ajuma, uwargidansa, ina yi miki ta'aziyya, ke da 'ya'yanki. Ki ɓoye littafin nan, kar ki ba kowa.

Allah Ya ji ƙanka, Siddo, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da yaran da ka tsare sunayensu. Ni gobe da safe zan ɗauki sandata in je in zauna gindin bangon, hannuna kan sunan Yakuba. Mai shafewa sai ya fara ɗaga hannun nan tukuna.