Ƙofar da Ba Ta da Matakala

Tsohon gidan manajan gonar shayi da ke gefen kogi, a ƙasar Assam, a kan dogayen ginshiƙan katako Turawa suka ɗora shi saboda ambaliya. A barandarsa ta gabas akwai wata 'yar ƙofa da ba ta da matakala. Daidai tsayin bayan giwa aka yi ta, domin manaja ya fito ya hau ba tare da takalminsa ya taɓa laka ba.

Phanidhar Moran shi ne mahayin giwa na ƙarshe a gonar. Daga mahaifinsa ya gaji aikin, har da giwar, Sonpahi. Kowace safiya yakan tsayar da ita ƙarƙashin ƙofar, ita kuwa ta riƙa susar kafaɗarta a jikin ginshiƙi har katakon ya yi sulɓi. Da motoci suka sami hanya, aka sayar da ita ga masu jan gungume a wani daji mai nisa, shi kuma aka bar masa gadin gidan. Bai taɓa fasa buɗe ƙofar nan da safe ba.

Bana aka mai da gidan masaukin baƙi, aka kuma ce a toshe ƙofar kada ɗan wani ya faɗo. Jikarsa Junmoni, wadda ke shara a gidan, ita ta kai masa labari.

"Kaka, gobe za a rufe ƙofar budurwarka. Sai ka yi haƙuri da ni."

"Ke? Ko kunnenta ɗaya ya fi ki kyau."

"Na ji. Amma ai ni kullum ina dawowa gida."

Ya ci gaba da taunar tamul, irin goron ƙasarsu.

Washegari ya karɓi guduma daga hannun kafinta, ya ce ba baƙon hannu ne zai rufe ƙofar ba. Ya buɗe ta, ya daɗe yana duban hanyar daji, sannan ya buga ƙusoshin da kansa. Da ya sauko, ya tarar ana shafa wa ginshiƙai fenti, sai ya roƙa a bar masa guda ɗaya, wanda Sonpahi ta saba susa a jikinsa. Aka bar masa.

A gindinsa yake zama yanzu. Wurin da ya yi sulɓin yana can sama, inda dā yakan dafa daga kan wuyan giwar. Daga ƙasa kuwa, ko ya yi ɗage, hannunsa ba ya kaiwa.