Kwalaben da Na Cika a Bakin Tabki

Kamfanin da ke zuba kwalta a hanyarmu ya kafa sansaninsa kan tudu, gabas da gari. Can suke wanke manyan motoci, can suke juye baƙin mai. In aka yi ruwan sama, duk abin da ke tsakar wajen sai ya bi wani kwazazzabo ya sauka tabkin da shanun Baba ke sha.

Doka ta ce dole a riƙa auna ruwan nan, shi ya sa suka nemi mai ilimi a gari. Ni kuwa ina zaune gida da birebe ɗina, takardar shaidar karatu, tun da na baro lakwal a Dogon Dutsi. Shef ɗin da ya ɗauke ni, wato shugaban aikin, dogo ne, kullum cikin murmushi. Aikin ba wuya: in ruwa ya ɗauke, in cika kwalabe uku inda kwazazzabon ke shiga tabki, in rubuta rana da wuri da faransanci, in sa hannu, motarsu ta kai Yamai.

Ranar farko ya raka ni. Na durƙusa, na yi abin da kowace ɗiyar Inna za ta yi. Na sa bayan hannu na kore saman ruwan, na sake korewa, har sai da wurin ya yi garau, sannan na nutsa kwalba can ƙasa. Da ranƙwashi Inna ta koya mana wannan: macen kirki ba ta ɗibar saman tabki. Abin da na kore yana ta ƙyalli, kore-kore, ja-ja, kamar wuyan tantabara.

Shef ya ce, "Madamazel, lalle kin iya ɗibar ruwa."

Har daɗi na ji, wallahi.

Sau huɗu na ɗiba, sau huɗu yana tsaye a kaina. Takarda ta dawo cewa ruwa lafiya lau ne, aka karanta a ƙofar maigari, har da sunana. Baba ya ce tunda ɗiyarsa ce ta auna, shi ba ya da sauran magana.

Sai shanu suka fara zawo. Jar saniyarmu ta zubar da ciki, maraƙi biyu suka mutu. Tsofaffi suka ce doguwar tabki aka taɓa. Wata likitar dabbobi ta zo daga Dogon Dutsi, ta duba su, ta ce in nuna mata yadda nake ɗiba. Na durƙusa, na miƙa bayan hannu. Caraf ta riƙe ni.

"Me kike korewa?"

"Datti, Hajiya."

"Ƙanwata, ai dattin nan shi ake nema. Baƙin mai a sama yake tsayawa. Ba wanda ya faɗa miki?"

Akwai maza biyu a garinmu da suka fi ni karatu, sun nemi aikin nan, an hana su. Me ya sa sai mace? Ya san yadda matanmu ke ɗibar ruwa ne, ko dacewa kawai ya yi? Na je na tambayi Shef a bakin wayar da ta kewaye sansaninsu. Bai daina murmushi ba.

"Madamazel, hannun wa ke kan takardun?"

Da sauri na taho gida, ina waiwaye. Na iske Baba yana tsugune gaban jar saniyar, na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana shafa wuyanta. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, "Ɗauko guga. Daga yau rijiya za su sha."

Rijiyarmu gaba ashirin ce. Ni da shi muke ja tun hantsi, tafin hannuna duk ya sale. Shanu goma sha ɗaya suka rage, uku ba su tashi sai an ɗaga su.

Likitar ta cika kwalba guda da kanta, daga sama, ta tafi da ita. Sati uku ke nan. Na kira ta sau biyu, ta ce ta miƙa. Ban san hannun wa ta miƙa ba. Jiya kuma hadari ya haɗu a gabas, na ga matan unguwarmu sun nufi tabki da tuluna, na bi su ina kira, suka ce ai ni da kaina na ce ruwan lafiya yake.